Gwaggo, Cefanen Kasuwar Juma'a Ya Gagare Ni

TAMBAYA: Assalamu alaikum Gwaggo. Wata biyar ke nan da aka kawo ni Wudil daga cikin birnin Kano. Maƙwabta sun ce in daina sayen kayan miya a bakin titi, in riƙa zuwa kasuwar Juma'a inda manoma ke kawo kaya. Na je sau uku, amma ban ga sauƙin ba. Tiyar wake biyu da na auno, da na zo gida ba ta cika ba. Ina kuskuren yake? — Amarya daga Wudil

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Kuskuren farko, ina jin da hantsi kike fita. Kafin lokacin 'yan sari sun riga sun tare manoman tun a bakin kasuwa sun kwashe kayan, sai ki ƙare a hannun wanda ya ɗora ribarsa. Manomi ba ya ɓuya: buhu ɗaya ko biyu ne a gabansa, ba shi da rumfa, hankalinsa na kan ya sayar ya koma gida.

Batun awo kuwa, ki je da tiyarki. Ni shekara da shekaru da tawa nake yawo, tun ranar da na kifa kwanon wani mai shinkafa na ga an buga gindinsa ya lotsa ciki. Ki ce da shi, "Malam, da wannan za ka auna min." Mai gaskiya ba ya fushi. Waken kuma ki damƙa ki sansana. In warin magani ya buge ki, ki wuce, ko da kyauta ne.

In kin taya ya ce "albarka", ba korarki ya yi ba. Ki ɗan ƙara, ki tsaya. Ya sallama, ki nemi gyara, ba roƙo ba ne, al'adar kasuwa ce.

Sai lokaci. Tumatir yana araha ne da rani, daga Janairu zuwa Maris, sa'ad da na Kadawa da Kura ya cika gari. A nan za ki haɗa kuɗi da maƙwabciyarki ku sayi kwando, ku yanka ku shanya kauɗa, don da damina sai ya yi tsadar da za ki koma miyar kuka ba shiri. Gero da wake da dawa kuwa ki jira kaka.

Juma'a mai zuwa ki bi wata dattijuwar unguwarku, ki riƙe mata jaka, ki yi shiru ki ji yadda take ciniki.