Tambaya da Amsa: Samarin da ke kwana a tasha

Tambaya: Mu mata ne ƴan adashe a unguwar Garin Malam. Muna kai tuwo ga samarin da ke kwana a tasha da bakin Kasuwar Dole, amma da sun karɓa sai su watse. Muna da zaure da ba kowa a ciki. Yaya za mu yi su riƙa zuwa?

Amsa: Hajiya, Allah ya saka muku da alheri. Ku ajiye maganar zauren tukuna. Yaron da ya saba da kora da samame ba ya bin baƙo don kwanon tuwo. Ku ware mutum biyu, mace da namiji, su riƙa zuwa wuri ɗaya bayan isha'i, sau biyu a mako, ba fashi. Su fara gaida babban cikinsu, don kowane gungu da ubangidansa; in an tsallake shi, zai hana sauran. Ban da ɗaukar hoto, ban da kuɗi a hannu: jika guda takan ƙare a tramol ko sholisho, ko manya su ƙwace ta.

In sun saba da fuskokinku, sai a buɗe zauren da rana. A sa randar ruwa, sabulu, makewayi, igiyar shanya da akwati mai kwaɗo. Kada ku raina akwatin nan, Hajiya. Wanda yake barci da takalminsa a ƙarƙashin kai don tsoron ɓarawo, wurin ajiya kaɗai zai dawo da shi gobe. Wuƙa da ƙwaya su tsaya a ƙofa. Wanda ya zo a buge kada a kore shi: a kwantar da shi ta gefe, a sa masa ido. Tramol yana sa jijjiga, yana kuma rage numfashi. In kun ga haka, sai babban asibiti nan take. Zazzaɓin damina kuwa a kai a yi gwaji, ban da maganin ƴan tebur.

Inda aka fi yin kuskure shi ne gaggawar mai da yaro gida. In dukan da ya koro shi yana nan, zai sake gudu, kuma ba zai ƙara yarda da ku ba. Ku ji ta bakinsa, wani ya fara zuwa ya ga iyayen ko malaminsa. Tun kafin buɗewa ku sanar da mai unguwa da ofishin kare yara na jiha, don zancen ƙaramin yaro da ba a san danginsa ba yana hannun alƙalin yara.