Tumatir Yana Yaushi Alhali Ganyensa Kore Shar: Mene Ne Dalili?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da garka a wajen Mirya, kuma bana na shuka irin tumatir da aka ce yana jure cutar yaushi, amma wasu tushiyoyin suna lanƙwashewa da rana su mutu cikin ƴan kwanaki, ga ruwa isasshe. Ko jabun iri aka sayar mini?

Amsa: Malam, Allah ya ba da sa'a. Ba lallai ne irin ya zama jabu ba. Abin da ka kwatanta ya yi kama da aikin ƙwayar bakteriya mai suna Ralstonia, wadda take zaune cikin ƙasa, ta shiga ta raunin saiwa, ta hayayyafa har ta toshe jijiyoyin da ke kai ruwa ga ganye.

Kafin ka sayi kowane magani, ka yi gwajin da bai buƙatar kuɗi. Ka yanke karan tushen da ya fara yaushi kusa da ƙasa, ka rataya bakin yankan cikin kofin gilashi mai ruwa garai-garai, ka bar shi ba motsi. Idan bayan ƴan mintoci ka ga wani farin abu yana zubowa siriri kamar zare yana gurɓata ruwan, to bakteriya ce. Idan ruwan ya zauna tas, kuma ganyen ya fara yin ɗorawa daga ƙasa, sau da yawa ta gefe guda, an fi zargin naman gwarin Fusarium.

Maganar juriyar iri kuwa tana da tushe a halittar ƙwayar. A shekarar 2005 masana suka kasa ta gida huɗu bisa bambancin ƙwayoyin gadonta, masu asali daga Asiya, nahiyar Amurka, Afirka da yankin Indonesiya, sannan a 2014 aka raba ta jinsi uku. Saboda haka irin da aka gwada juriyarsa da ƙwayar wata nahiya yana iya faɗuwa a gaban wadda ke cikin garkarka, musamman idan zafi ya tsananta ko tsutsar saiwa ta riga ta huda mata hanya. Kofin ruwa ba zai gaya maka ko wane gida ce ba. Wannan sai ɗakin gwaje-gwaje, inda ake bin sawun gadonta da wani gwajin gano ƙwayoyin gado da ake kira PCR. Shi ya sa nake ganin ya dace ka kai samfur ga malaman gona na Damagaram tun yana ɗanye, domin su san inda za su tura shi.

Feshi ba ya tayar da tushen da ya kamu, kada ka ɓarnatar da kuɗinka. Ka tuge shi da saiwarsa ka ƙone, ka wanke wuƙa da fartanya da ruwan jabel, wato ruwan wanki mai kashe ƙwayoyin cuta, kuma kada ka bari ruwan fangalin da ya kamu ya kwarara zuwa masu lafiya. A wurin, ka dakata da tumatir, tattasai, barkono, yalo da dankalin turawa na wasu shekaru, ka sa masara ko dawa.