Amsar tambayar sensa da dishi-dishin bayan hoto

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Ƙanena da ya yi tambaya ɗazu, ya ce kyamarar Canon 700D ce a hannunsa, yana ganin hotunan amare na masu manyan kyamarori, amarya ta fito tangaran, bayanta ya narke ya yi dishi-dishi, shi kuwa nasa har bulon katanga ana iya ƙirgawa. Wai ko ya sayar ya ciko kuɗi ya sayi ful firem, wato kyamara mai babbar sensa. To ƙanena, kar ka yi saurin kai ta kasuwa, tsaya ka ji.

Girman sensa, wato farantin da ke kama hoton a cikin kyamara, yana da hannu, ba musu, amma ba ita ke narkar da baya da kanta ba. Sensar ful firem milimita 36 ce da 24, daidai girman tsohon fim ɗin nan na 35. Taka kuwa ƙarama ce, wadda ake kira APS-C, wajen 22 da 15, shi ya sa in za a kwatanta da ful firem ake ninka tsawon lens ɗin Canon da 1.6, na Nikon da Sony da 1.5. In kai da mai ful firem kun ɗora lens iri ɗaya, kuka tsaya wuri ɗaya, ƙaramar sensa gefe-gefen kawai za ta yanke ta bar maka tsakiya. To don amarya ta shigo daga kai zuwa kugu, dole ka ja da baya ko ka sa gajeren lens. A nan dishi-dishin ke zubewa. Mai babbar sensa shi matsowa yake yi, ko ya sa dogon lens, ka gane?

Abin da ke yin aikin a zahiri shi ne faɗin ƙofar da haske ke bi. Lissafin ba wuya, ka raba tsawon lens da lambar f, wato lambar da ke nuna yadda ƙofar ta buɗe. Wancan lens 18-55 da yakan zo da kyamarar, in ka ja shi zuwa 55 a f/5.6 yake tsayawa, ƙofar ba ta kai milimita 10 ba ma. Amma 50mm f/1.8, ƙofarsa kusan 28 ce. Kusan ninki uku ke nan, a kan wannan kyamarar da kake son rabuwa da ita. Kuma yana cikin mafi arha a lens ɗin Canon. A wurinka zai yi aiki kamar 80mm a f/2.9 na mai ful firem, kuma wallahi wannan ya ishe ka hoton amarya.

Waya ma haka ne. Za ka ga an rubuta f/1.8, amma lens ɗin kansa wajen milimita 6 ne, ƙofar 3 da ɗoriya, shi ya sa komai ke fitowa ras. Wancan dishi-dishin na tsarin ɗaukar hoto na Portrait, da iPhone 7 Plus ya yayata a 2016, manhaja ce ke shafa shi. Ku duba bakin gyale, ko ɗan kunne, ko tsakanin hannu da jiki, za ku ga inda ta ci gefen.

Sannan don Allah ku daina manna mutum a jikin bango. Janyo amaryar gaba taku biyar ko shida, kai ma ka matso. Wannan kyauta ne, ba ko sisi.

Kuma ku sani babbar sensa tana da nata ciwon kan. Ka buɗe f/1.8 a ful firem ka matso kusa, ido ɗaya ya fito, ɗayan ya fara hazo. Hoton dangi kuwa, an jera sahu biyu ko uku ranar ɗaurin aure, in ka bar shi a buɗe iyayen da ke baya duk sun yi hazo, kuma ba wanda zai saurari bayanin sensa daga bakinka. A irin wannan ka rufe zuwa f/5.6 ko f/8, ka sa fokas a sahun gaba ko na tsakiya, in haske ya gaza ka ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske, ko ka kunna filasha. Ƙanena, ka nemi 50 ɗin nan ko aro ne ka gwada, ka turo mana mu gani. Sai da safe.