Nijar ta bar ECOWAS: in sayi sito a Maraɗi ko in dakata?

Wani ɗan kasuwa daga Katsina ya aiko da tambaya. Yana saro robobi, sabulu da takalma a Kano yana kaiwa Maraɗi ta Jibiya, in zai dawo ya ɗauko wake ko albasa, gab da babbar salla kuma raguna. Yanzu an yi masa tayin sito a Maraɗi, kuma yana tunanin cin bashin banki ya haɗa da mota tasa ta kansa. Abin da ke hana shi barci shi ne fitar Nijar daga ECOWAS: shin kasuwar nan za ta ɗore, ko ya janye jarinsa tun da sauran lokaci?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Amsata a taƙaice ita ce kada ka janye, kada kuma ka binne kuɗinka. Ka ci gaba da safara, ka kama hayar siton, maganar saye da bashin mota ka ɗage su. Ga dalilina.

Mu fara da abin da ya faru a takarda. Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewarsu ranar 28 ga Janairun 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, ƙungiyar ta ragu daga ƙasashe 15 zuwa 12. A ranar ce ECOWAS ta umarci sauran mambobinta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku, su bar su su shiga ba biza, su kuma ci gaba da yi wa kayansu rangwamen haraji na tsarin ETLS, wato tsarin ECOWAS na sauƙaƙa ciniki tsakanin mambobinta, har sai ta sake wata sanarwa. Su ma ƙasashen uku, da suka kafa ƙawancensu mai suna AES, tun a Disambar 2024 suka ce ƙofarsu a buɗe take ga 'yan ECOWAS. Shi ya sa washegarin ficewar ba ka ga wani bambanci a bakin iyakar Magama ko Ɗan Isa ba, har wasu abokan sana'arka suka ce ai duk hayaniyar 'yan siyasa ce.

Ba hayaniya ba ce. A da, shigar kayanka Nijar ba tare da cikakken haraji ba yarjejeniya ce da gwamnatoci suka sa wa hannu, akwai kotu a Abuja da ake iya kai ƙara, akwai taron shugabanni da ake iya tsare ƙasa da tambaya. Yau alfarma ce kowane ɓangare ke yi wa ɗan'uwansa. Kamar ɗan haya ne da takardarsa ta ƙare amma mai gida ya ce ya ci gaba da zama: ɗakin na nan, kuɗin haya bai ƙaru ba, sai dai ranar da aka ce ya tashi ba shi da bakin magana. Mai hankali ba ya zuba wa irin wannan ɗaki tayil da kuɗinsa.

Ka duba lissafin da kanka. A ƙarshen Maris na 2025 ƙasashen AES suka sa harajin kashi 0.5 cikin ɗari a kan kayan da ake shigo musu da su daga waje. Mutane sun yi ta kururuwa a kansa, amma a kayan naira miliyan 20, naira dubu 100 ne kacal, kuma daidai yake da wanda ECOWAS ta daɗe tana karɓa a kan kayan da suka fito daga wajen yankin. Wannan ba zai karya ka ba. Wanda zai iya karya ka shi ne ranar da aka ce kayan Najeriya su biya harajin da kayan Sin ko Turkiyya ke biya. Jadawalin harajin kwastan da yankin ke aiki da shi tun 2015 hawa biyar ne: sifili, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari, kuma kayan masarufi da aka gama sarrafawa irin naka galibi a saman jadawalin suke. Kashi 20 na miliyan 20 miliyan 4 ne. Na tabbata ribarka a lodi ɗaya ba ta kai haka ba.

Akwai kuma wani gefe da 'yan kasuwarmu ba su cika lura da shi ba. Nijar ta bar ECOWAS amma ba ta bar UEMOA ba, wato ƙungiyar ƙasashe takwas masu kashe sefa, wadda ita ma take da nata tsarin shigar kaya ba haraji. Sabulun Abijan da robar Lome suna da wannan rumfa ta biyu da za su fake. Najeriya da Ghana ba sa cikinta. In har aka janye rangwame, kai za a janye wa, abokin gogayyarka mai kawo kaya daga Kwaddibuwa ko Togo yana nan daram. Abin da ke rufa maka asiri a yanzu abu biyu ne: kusanci, domin Kano zuwa Maraɗi tafiyar yini ce, da kuma faɗuwar naira tun da aka sake ta a Yunin 2023, wadda ta sa kayan Kano suka yi araha ga mai riƙe da sefa. Na farkon ba mai ƙwace maka shi. Na biyun kuwa ba a gina sito a kansa.

Sai dai in gaya maka gaskiya, ni harajin ma ba shi ne babban abin tsorona ba. Umarnin dare ɗaya nake tsoro. Ka tuna a Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa har zuwa Disambar 2020, alhali a lokacin Najeriya da Nijar duk suna cikin ECOWAS, ba wanda ya yi juyin mulki. Bayan hamɓarar da shugaban Nijar Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, aka yanke wa Nijar wuta, motocin albasa suka yi ta ruɓewa a bakin iyaka, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. A Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa ko'ina ban da Mali da Burkina. A Mayun 2025, ana saura 'yan makonni layya, ta hana fitar da dabbobi don farashin rago ya sauka a cikin gida. Wanda ya ba da kafin alƙalami a kasuwannin Maraɗi da Damagaram yana jiran ya kwaso raguna zuwa Legas, shi ya san yadda ya ji. Gwamnatin da ta fita daga ƙungiya bisa hujjar 'yancin kai dole ta riƙa nuna wa jama'arta 'yancin a aikace, kuma hanya mafi sauƙi ita ce rufe ƙofa da buɗe ta yadda ta ga dama. Gadar Gaya da Malanbil, da ke kan iyakar Nijar da Benin, shaida ce: Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe, kayan da suka saba zuwa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina cikin ayari da rakiyar sojoji, kuɗin mota ya hau, mai saye a Yamai ya biya.

Masu cewa ai Birtaniya ma ta fita daga Tarayyar Turai kuma ba ta mutu ba, gaskiyarsu, ba ta mutu ba. Ta kaɗa ƙuri'a a 2016, ta fita a Janairun 2020, ta samu yarjejeniyar ciniki ba haraji daga farkon 2021. Duk da haka takardun kwastan da na shaidar asalin kaya da na lafiyar abinci suka dawo, manyan kamfanoni suka ɗauki ma'aikata don cike su, ƙananan 'yan kasuwa da yawa suka haƙura da sayarwa Turai gaba ɗaya. Kai a sahun ƙananan kake. A nan kusa kuma Muritaniya ta bar ECOWAS a 2000, sai ga ta a 2017 ta dawo ta ƙulla yarjejeniyar hulɗar kasuwanci da ita. Ina sa ran irin wannan sulhu ne ƙarshen maganar AES, domin Nijar ba ta da teku kuma iyakarta da Najeriya ta kai kilomita 1,500. Amma shekara 17 Muritaniya ta ɗauka, banki kuwa ba zai jira ka ko wata 17 ba.

To me za ka yi? Siton ka karɓe shi haya ta shekara ɗaya, a rubuta, da shaidu, ka nemi a sa sharaɗin cewa in za a sayar kai za a fara yi wa tayi. Kada ka tara kayan da suka wuce cinikin mako biyu zuwa uku a can. Sauran su zauna a Katsina ko Jibiya, inda in an rufe iyaka za ka iya juya su kasuwar Gusau ko Funtuwa. Motar kuma, muddin da bashi mai ruwa za a saye ta don hanya ɗaya tak, a bar ta. Mota tana biyan kanta ne in tana tafiya, kuma ka ga da idonka yadda tireloli suka yi watanni a fake a Illela da Jibiya. In kana da kuɗinka a hannu kuma kana da lodin cikin gida da za ta koma yi, wannan wata magana ce.

Bashin da kake bai wa abokan cinikinka na Maraɗi shi ne inda na fi so ka matse. Na san amana ce ta shekaru, wasunsu ma surukai ne, kuma ba na cewa ka yanke. Ka gajarta wa'adi, ka daina sauke sabon kaya a kan tsohon bashi, kuma ku yanke tun farko da wane kuɗi za a biya. In ka sayar da sefa, ka juya ta zuwa kaya ko zuwa naira cikin kwanaki, gwargwadon inda za ka yi sari na gaba. Sefa a yau kuɗi ce mai nauyi, tana ɗaure da yuro a kan 655.957, shi ya sa wasu ke ɓoye ta a matsayin ajiya. Ban hana ka riƙe kaɗan ba. Amma Janar Tiani, shugaban mulkin sojan Nijar, da kansa ya taɓo maganar sabon kuɗi a Fabrairun 2024, kuma tarihin yankin bai ba da ƙwarin gwiwa ba: Mali ta fita daga sefa a 1962, ta karya darajar kuɗinta da rabi a 1967, ta dawo a 1984. Sefar kanta an raba darajarta biyu cikin dare ɗaya a Janairun 1994. Wanda yake bin bashi mai tsawon wa'adi a irin wannan rana shi ke asara, wanda ake bi shi ke dariya.

Takardu kuma ka gyara su tun kafin a tambaye ka. Ka yi fasfo na ƙasa da ƙasa, kai da yaran da ke bin kaya, kada ku dogara da ƙaramar takardar tafiya ta ECOWAS kaɗai. Kamfanonin da kake saro wa kaya a Sharaɗa da Bompai a Kano ka tambaye su ko kayansu na da rajistar ETLS, su riƙa haɗa maka da takardar shaidar asali. Wake da albasa da dabbobi tsarin bai neme su da wannan takarda ba, amma rasiɗin kwastan da takardar likitan dabbobi ka riƙa adana su. Sannan ka samu wakili ɗaya mai lasisi a ɓangaren Ɗan Isa wanda zai buga maka waya ranar da sabon umarni ya sauko daga Yamai, kafin ka yi lodi a Kano. Masu ce maka a bi ta daji da babura, ka lissafa musu har da ranar da za a kama kayan, da kuma halin da dajin Jibiya yake ciki.

Kashi ɗaya cikin uku na jarinka, a ganina, shi ne iyakar abin da ya kamata ya kwana a hayin iyaka a kowane lokaci, ko kaya ne, ko bashi, ko sefa. In ECOWAS da AES suka sa hannu a rubutacciyar yarjejeniya kan haraji da zirga-zirga, ka sake aiko mini mu duba farashin siton.