Kun Tambaya, Mun Amsa: Sabon Salon Horar da 'Yan Sanda

Tambaya: Ɗana yana sha'awar aikin ɗan sanda, kuma na ji an ce a wasu ƙasashe yanzu sai da digiri. Haka ne? Wata nawa kurtu yake yi a makaranta?

Amsa: Kowace ƙasa da nata tsari, kuma tazarar da ke tsakani ba kaɗan ba ce. A Norwe da Finland shekara 3 ake yi, a fito da digiri. A Jamus shekara 2 da rabi ne zuwa 3. A Amurka kuwa matsakaicin horon farko bai wuce kimanin sa'o'i 830 ba, wato kusan wata biyar. Ingila ta bi hanyar digiri daga 2018: kurtu ya yi shekara 3 yana aiki yana karatu, wanda ya zo da digirinsa ya yi 2. Amma a 2024 sai da aka sake buɗe ƙofar shiga ba digiri, bayan ƙorafin cewa zaman aji yana janye jami'ai daga sintiri.

Tambaya: Ban da fareti da harbi, me ake koya musu yanzu wanda da ba a koyarwa?

Amsa: Babban abin da ya sauya shi ne koyar da yanke shawara cikin ruɗani. A da laccoci ne da haddar doka. Yanzu wasan kwaikwayo ake shiryawa: a sa mutum ya fito a matsayin mai taɓin hankali, riƙe da wuƙar roba, yana ta ihu a ƙofar gida. Kurata biyu su iso. Abin da malami yake dubawa shi ne, sun bar tazara? Sun sa mota ko katanga tsakaninsu da shi? Mutum ɗaya ne yake magana ko duka biyun suna ta daka tsawa? Kuskuren da aka fi yi shi ne matsawa kusa da wuri, domin da zarar tazara ta ƙare, lokacin tunani ma ya ƙare, sai hannu ya kai ga bindiga. Bayan an gama a zauna a kalli bidiyon, a tsayar da shi a daidai inda al'amarin ya juya, a tambayi kurtun me ya gani a wannan daƙiƙa.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Binciken da aka fitar a 2020 kan 'yan sandan Louisville a Amurka ya nuna amfani da ƙarfi ya ragu da kashi 28 cikin 100 bayan irin wannan horo, raunin da jami'an kansu suke ji kuma ya ragu da kashi 36. Tun 1988 birnin Memphis, shi ma a Amurka, ya fito da horon sa'o'i 40 na tunkarar masu taɓin hankali.

Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an bar makaranta. Sabon jami'i yakan yi watanni a hannun tsohon hannu, in aka yi rashin sa'a wannan ya ce masa, “Manta da abin da suka koya maka, nan ne aiki.” Shi ke nan, an yi ba a yi ba. Sannan duk ƙwarewar da ba a maimaitawa tsatsa take yi, bitar kwana ɗaya a shekara ba ta riƙe ta. Na'urar kwaikwayo ta kwamfuta, wadda ke nuna wa kurtu irin wannan yanayi kamar gaske, tana taimakawa, amma a ganinmu in ba malamin da zai warware kuskure, wasan yara ce mai tsada.

Tambaya: Shin akwai hanyar samun gaskiya daga wanda ake tuhuma ba tare da duka ba?

Amsa: Akwai, kuma ta fi duka amfani, domin wanda ya sha wuya zai amsa ko abin da bai yi ba. Tsarin yi wa wanda ake tuhuma tambayoyi mai suna PEACE, da Ingila ta fara a 1992, matakai biyar ne: shiri, bayyana wa mutum dalilin zaman da haƙƙinsa, sauraron labarinsa, rufe zaman, sai auna abin da aka samu. Mataki na uku ne yake ba kurata wahala. Ana so a ce “Faɗa mini abin da ya faru,” a yi shiru har ya dire. Sai daga baya a fito da shaidu ɗaya bayan ɗaya, a nuna masa inda maganarsa ta saɓa. Wanda ya yi gaggawar baje duk shaidarsa tun farko ya ba maƙaryaci damar ɗinka labari daidai da ita.