Abin da ya sa mai hawan jini ba ya zaman ɗaki a zango

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce tun da ka koma Kano abin yana cin ranka: mutumin da likita ya ce yana da hawan jini, wato ni, maimakon ya kwanta ya huta, yau yana gidan suna a Aboabo, gobe zaman makoki a Asawase, bayan isha'i kuma yana majalisa. Ka tambaya ko mu 'yan zangon Kumasi ba mu san hutu ba. Allah ya yi maka albarka, na san kulawa ce.

Ku can an haife ku ne cikin dangi. Mu kakanninmu fatake ne, goro suka biyo ta garin Salaga da ke arewacin Ghana har suka sauka nan, kuma wanda ya sauka inda ba shi da kowa, maƙwabci ne danginsa. A 1969 da gwamnatin Busia, firaministan Ghana na lokacin, ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, gidaje suka watse, waɗanda suka saura suka ƙara riƙe juna. Shi ya sa a gidan da ka sauka ka ga Bahaushe da Badagombe da Bazabarme suna ɗiban ruwa a famfo ɗaya, dukansu da Hausa suke gaisawa, mata kuma suna zuba adashi, wanda nan ake kira susu.

Bari in ba ka labarin maƙwabcina, dattijo ne da 'ya'yansa duk suke Turai. Wata asuba ba mu gan shi a sahu ba, ga shi mai koko ta ce bai aiko yaro ba. Ko carbi ban ƙarasa ba muka nufi ƙofarsa. Muka tarar bakinsa ya karkace, hannun dama ba ya ɗaguwa, magana ta harɗe. Kafin rana ta fito yana asibitin Komfo Anokye. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ba ya jira, kowace sa'a da ta wuce wani sashen ƙwaƙwalwa ne ke lalacewa. Yau da sandarsa yake zuwa masallaci. Da a irin gidajen nan ne masu doguwar katanga, da sai azahar za a farga.

Likitoci ma sun daɗe da lura da haka. Akwai wani ƙaramin gari a Amurka, Roseto, wanda zan iya kira zangon Italiyawa. A shekarun 1960 aka gano ciwon zuciya bai cika kashe su kamar mutanen garuruwan kusa ba, alhali suna cin maiƙo suna shan taba. Kaka da jika gida ɗaya suke, kowa ya san damuwar kowa. Da jikoki suka yi arziki suka rarrabu, bambancin ya ɓace. A 2016 kuma masu bincike a Ingila suka tattara nazarce-nazarce, suka ga kaɗaici yana tafiya da ƙarin haɗarin ciwon zuciya da kashi 29 cikin ɗari, na shanyewar jiki da kashi 32. Mai kwana da damuwa shi kaɗai, jikinsa kullum a ɗaure yake, jijiyoyi su tsuke, zuciya ta yi ta bugu, barci ya ƙaurace. Ni in na fito, na taka ƙafa, na yi dariya, wani ma ya tambaye ni ko na sha magani.

Amma ba zan ɓoye maka ba, zumuncin nan yana da nasa nauyin. Abincin biki gishiri da dunƙule ne fal, shayin majalisa sukari ne zalla, kuma ƙin cin abin da aka miƙo maka abin kunya ne a wajenmu. Ga gudummawa da ba ta ƙarewa, wani har bashi yake ci don kada a ce bai yi kara ba. Wannan ma yana tayar da jini. Kuma hawan jini ba ya sallama, sai an auna.

Don haka na'urar awon da ka kawo mini ba a ɗaki take ba. Duk Juma'a bayan la'asar ina kai ta majalisa, kowa ya naɗe hannun riga. Wanda nasa ya kai 140 bisa 90 mako biyu a jere, ranar Litinin ɗayanmu zai raka shi asibiti. Ka gaishe mini da mahaifinka, ka ce ina tambaya yaushe rabonsa da awo.