Muryar da na turo kan sunan Heidi

Assalamu alaikum 'yan gida. Goggo ina wuni, ya ƙafar? Ku yi haƙuri sai yanzu na saurari saƙonninku, aikin dare na yi, ina dawowa na kife. Na ji ana ta magana kan jaririyar Yaya, wai mai jego tana son a riƙa kiranta Heidi, sunan yanka kuma yana nan Khadija, sai auta ya saka a wayarsa fassara ta ba shi "mai bautar gumaka". To Goggo ki kwantar da hankalinki, ba haka ba ne.

Auta, abin da ka rubuta Heide ne, da "e" a ƙarshe. Wannan kam a Jamusanci tana nufin mai bautar gumaka, tana kuma nufin fili mai ƙananan ciyayi. Amma Heidi, ana furta shi Haidi, ba daga can ya fito ba. Gutsuren suna ne, kamar yadda muke yanke Khadija mu ce Dije, ko A'isha mu ce Indo. Cikakkensa Adelheid, su suna cewa Adalhait.

Tsofaffin sunayen Jamusawa yawanci kalma biyu ake haɗawa. Gertrud, mashi da ƙarfi. Hildegard, yaƙi da kariya. Ku ji fa, sunan mace da mashi a ciki! To shi Adelheid, rabin farko "adal" ne a tsohon Jamusanci, wato asali, jinin sarauta, har gobe Adel suke ce wa masu sarauta. Rabin biyu "heit", shi ne iri ko hali ko kamanni. Wannan ɗin bai mutu ba, ya koma wutsiyar kalma, kamar yadda muke da "ntaka" a mutuntaka da jarumtaka. In mutum ya yi atishawa a nan Jamus, Gesundheit za a ce masa, wato lafiya, kun ji heit ɗin a ƙarshe. Saboda haka in an haɗa, mai halin manya, ko a Hausarmu kawai 'yar asali. Ni dai ban ga aibu a nan ba.

Wadda ta sa sunan ya bazu wata sarauniya ce, kuma labarinta ya fi sunan daɗi. An haife ta wajen 931, 'yar sarkin Bagandi (Burgundy) a Turai. Tana yarinya aka aurar da ita ga Lothar sarkin Italiya, ya mutu a 950 ya bar ta ba ta kai ashirin ba. Wani Berengar ya ƙwace sarautar, ya tsare ta a Garda, wani gari a Italiya, ta gudu. A 951 ta auri Otto na Ɗaya, sarkin Jamus, a 962 aka naɗa su sarautar daula tare a birnin Rum. Daga baya ma ita ta riƙe mulki wa jikanta Otto na Uku daga 991, saboda yaro ne. Ta rasu 999 a Selz, yankin da yanzu yake cikin Faransa. 'Yan Katolika suna ɗaukarta waliyyiya, ranarta 16 ga Disamba. Wannan na faɗa ne don kada wani ya gano daga baya ya ce na ɓoye. Amma sunan ya riga ta, kalmomin yare ne, ba na coci ba.

Af, na manta, Alice ma daga nan ya fito, bakin Faransawa ne ya tauna shi. Birnin Adelaide na Ostireliya kuma sunan wata Bajamushiya ce, matar Sarki William na Huɗu na Ingila, aka sa masa a 1836. Shi Heidi ɗin kansa littafin Johanna Spyri, 'yar Suwizalan, na 1880 ya yaɗa shi duniya, yarinyar nan ta kan duwatsu, wataƙila katun ɗinta mai jego ta gani.

Abin da zai ba ku dariya, a nan Adelheid sunan kakanni ne. A gidan tsofaffin da nake aiki akwai guda, ta haura tamanin, in na ce mata Heidi sai ta harare ni, wai mijinta kaɗai ke kiranta haka. Heidin da na sani ma duk sun wuce hamsin. Wato mai jego tana ganin ta ɗauko na zamani, alhali kamar Bajamushe ne ya zo ya sa wa 'yarsa Tabawa.

Hukuncin addini ku tambayi Baba Malam, ni ma'ana aka tambaye ni. Yaya, a turo mana hoton amaryar mana, tun ranar suna nake roƙo. Bari in tashi, shinkafata za ta kama.